Ɗakin da Ke Saman Kemis

Duk layinsu da Ta Bene suka san ta, saboda ɗakuna biyun da take haya a saman wani kemis, inda ta yi ɗinki har idonta ya fara gajiya. Amma tun da aka sallame ta daga asibiti a ƙasa take kwana, a falon babban ɗanta, kan wani gadon ƙarfe da aka tura jikin bango tsakanin firij da talabijin.

Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu. An yi aiki an cire, aka bi da maganin nan da ake ƙara wa mutum ta jijiya har gashin kansa ya zube. Daga baya likita ya ce ciwon ya tafi, kowa ya yi hamdala. Abin da ciwon ya bari a baya ne ba a cika maganarsa ba. Hannunta na hagu ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Tafin ƙafafunta ya daina jin ƙasa sosai, sai ta ji kamar a kan auduga take tafiya. Cinyoyin da suka taka keken ɗinki shekara da shekaru sun tsotse, in ta zauna sai an ɗaga ta.

Ana cikin haka mai gidan hayar ya aiko. Ba da faɗa ba, mutumin kirki ne, har da gaisuwa da ya jiki. Ya ce rufin yana yoyo, yana so ya gyara, kuma akwai wanda ke ta bin sa yana son wurin. In za ta dawo, shi ke nan, wurinta ne. In ba za ta dawo ba, a sanar da shi kafin damina ta ƙare a kwashe kaya.

Ɗan nata direban motar ma'aikata ne, ba shi da yawan magana. Babana take kiransa. Ya kawo mata saƙon yana tsaye, yana juya makullin mota a yatsa, ya ce a ganinsa a saki wurin kawai, ga gida, ga jikoki, me za ta koma yi can ita kaɗai. Ta ce can ne ɗakinta. A can babansa ya rasu, a can ta san inda kowace allura take ko a cikin duhu, a can in ta ga dama ta sha shayi tsirara ba mai ganinta. Ya ɗauke kai da ta faɗi wannan. Sannan ya ce:

"Ranar da kika hau matakalar nan kika sauko ba wanda ya riƙe ki, Umma, ni da kaina zan mayar da ke."

Ta ce ta ji, kuma ta riƙe shi a kan maganarsa.

Wata nas ce ta gaya musu akwai ajin motsa jiki da ake yi wa tsofaffin da suka tashi daga irin wannan ciwo. A wani ɗaki ake yi a bayan wurin karɓar magani, ɗakin da alama da can ma'ajiya ce, don har yanzu akwai kwalaye a jibge a lungu. An jera kujerun katako masu nauyi, fanka ɗaya tana juyi a kasalance. Mai koyarwar gajeriyar mace ce mai sanyin murya, kowa Malama yake ce mata, har waɗanda suka haife ta.

Ta Bene ta zo da shirin wahala, sai ta tarar ba a ko gumi. Malama ta ce a zauna a bakin kujera, a shaƙi iska ta hanci har ciki ya taso, a fitar ta baki a hankali. A ɗaga hannuwa kamar ana tsamo zani daga ruwa, a sauke su kamar ana shimfiɗa shi. A tsaya a bayan kujera a riƙe ta, a mayar da nauyin jiki kan ƙafar dama, a saurara, a mayar kan ta hagu. Ta ce hankalin mutum ya bi ƙafarsa, ya daina yawo a wurin abin da likita zai ce wata mai zuwa. Duk wanda ya yi sauri sai ta sa shi ya sake.

A kujerar kusa da ita akwai wani tsoho da ake kira Mai Agogo, don gyaran agogo ne sana'arsa. An yanke masa wani sashe na hanji, wandonsa ya yi masa yawa har ya huda sabon rami a bel. Ranar farko ya leƙo ya ce mata wannan ai rawar hawainiya ce, kiɗa ne kawai babu. Ba ta kula shi ba. Da ya ji tela ce, ya ce to ita ta ci riba, ƙafarta ta riga ta san hanya. Lokacin an ce a ɗaga hannu a sauke, shi kuma surutu ya ɗauke masa hankali, nasa yana nan a sama.

"Gyara naka agogon," in ji ta. "Tun ɗazu hannu ɗaya ya tsaya a kan sha biyu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar kullum shi ke ajiye mata kujera, yana kiranta Tela, tana kiransa Tsohon Batir.

Malama ta sha nanata musu cewa abin da ake yi a aji ba ya isa. Sai an yi a gida kowace safiya, ko kaɗan ne, a kusa da abin riƙewa mai ƙarfi, a busasshiyar ƙasa, kuma da wani a kusa. Ta ce su gaya wa 'ya'yansu su bar su su riƙa yi wa kansu abin da za su iya. Wata rana ta shimfiɗa katifa ta nuna musu yadda mutum zai tashi in ya faɗi: kada ya yi gaggawa, ya kwanta ya yi numfashi, ya juya gefe, ya hau gwiwa da hannu, ya rarrafa zuwa abin da zai dafa, ya kafa ƙafa ɗaya, sannan ya tura. Da aka zo kan Ta Bene ta kai ga gwiwa ta maƙale. Hannun hagu ya ƙi ɗaukarta, ɗankwalinta ya zame, gashin da ya fara tsirowa fari fat ya bayyana. Sai da Malama da wata nas suka kama ta. Mai Agogo ya juya yana karanta rubutun jikin kwali har aka zaunar da ita.

A gida kuwa lamarin daban ne. Matar ɗanta, wadda Ta Bene take ce wa Amarya har yau ga 'ya'ya sun kai makaranta, mace ce mai ladabi da tsoron abin faɗa. Gadon ƙarfen nan yana ƙara, kuma da ya yi ƙara za ta sheƙo daga kicin, hannu duk kumfa, ta sa shi a hammatar tsohuwar. In Ta Bene ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, kofin ya riga ya zo bakinta. An gargaɗi yaran gidan su ma, duk wanda ya ga Kaka tsaye yana zaune zai gamu da babansa. Ta Bene ta gaya mata abin da Malama ta ce. Amarya ta saurara da kyau, ta ce to, Umma. Washegari da ta ga tsohuwar ta dafa kujera tana ƙoƙarin miƙewa, hannuwanta suka riga ta isa. Amarya ta ce ba za ta iya ba, jikinta ne ba ya yarda, kuma in wani ya shigo ya ga uwar mijinta tana fama ita tana kallo, da wane ido za ta dubi mutane.

Mutane kuwa suna shigowa, falo ne. Wata maƙwabciya ta taɓa tarar da ita tsaye tana karkata dama da hagu a hankali, ta yar da jakarta ta rungume ta tana salati, ta ɗauka jiri ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da ɗanta ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Ta ɗaga hannuwa sama, ido a rufe, baki a buɗe tana fitar da iska. Da ta buɗe ido ta gan shi a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, kamar ya shigo mata tana sa kaya. Ta yi maza ta kai hannuwan kan ɗankwali kamar gyara shi take yi.

A gidan gaba ɗaya ƙofa ɗaya ce mai sakata wadda ba a bin mutum ciki. Banɗaki ne ƙarami, da tayil fari, da masai na zama, da wurin wanke hannu da aka kafe a bango. In Amarya ta rako ta bakin ƙofa ta koma, sai Ta Bene ta tura sakata, ta cire silifa don ta ɗan ji ƙasa, ta riƙe bakin wurin wanke hannun ta fara. Dama, ta saurara. Hagu, ta saurara. Ta rufe murfin masai ta zauna, ta miƙe, ta zauna. Tana daɗewa har Amarya ta fara damuwa ko cikinta ne ya ɗaure, ta shiga ba ta gwanda da ruwan ɗumi safe da yamma. Ta Bene ta riƙa cin gwandar ba musu.

Malama ta tambaye ta ko tana yi a gida, ta ce tana yi. Ta tambaya ko akwai mai tsaya mata, ta ce gidan cike yake da mutane.

Kuma abin ya fara aiki, a hankali ƙwarai, yadda ba mai lura sai ita. Ta fara tashi daga kujerar aji da hannu ɗaya. Ta fara hawa ɗan akwatin katakon da Malama ke ajiyewa a madadin matakala, ta sauko, ta sake hawa. Tana son ta nuna wa Mai Agogo, amma ya daina zuwa. An bar kujerarsa a wurinta na ɗan lokaci, daga baya wata mata mai sanda ta zauna a kai. Da Ta Bene ta tambaya, Malama ta ce an sake kwantar da shi, abin ya dawo ta wani wuri, ba ta ƙara komai ba. Ranar ba wanda ya yi raha, fankar kaɗai ake ji. Ruwan sama ma ya fara ja baya, sai a kwana biyu ba a yi ba, kuma mai gidan haya ya sake aiko da gaisuwa.

Safiyar da abin ya faru yaran sun makara, suka yi wanka a gurguje suka fice, ba a goge ƙasa ba. Ruwan sabulu ya kwanta a kan tayil, fari a kan fari. Mai lafiyayyar ƙafa da ya taka zai ji santsi, ita ba ta ji komai ba. Ta tura sakata, ta cire silifa, ta mayar da nauyinta kan ƙafar dama, ƙafar ta tafi. Girarta ta bugi bakin wurin wanke hannu, ƙugunta ya daki ƙasa, bokiti ya kife.

Amarya tana bayan gida tana shanya, rediyo a kunne. Ta Bene ta kwanta kuncinta a kan tayil mai sanyi. Daga nan tana ganin ƙarƙashin wurin wanke hannun, da yanar gizo, da wata safar yaro da aka daɗe ana nema. Wani abu mai ɗumi yana gangarowa cikin idonta. Ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta tuna ƙofar a kulle take, sai an ɓalle ta, maƙwabta za su taru, a same ta a haka zani a jiƙe. Ta rufe bakin.

Ta shaƙi iska, ta fitar. Ta yi ta yi har zuciyarta ta rage bugu. Ta motsa yatsun ƙafa, ta motsa ƙugu, ta ji ciwo amma ba irin na karaya ba. Ta jawo tawul daga ƙusa ta shimfiɗa a kan ruwan. Ta juya gefen dama. Hawa gwiwa ya ɗauke ta lokaci mai tsawo, sau biyu tana komawa. Da hannun hagu ya ƙi, ta sa gwiwar hannun a maimakonsa. Ta rarrafa ta kifa ƙirjinta a kan murfin masai, ta huta, jini yana ɗiga a kai. Ta kafa ƙafar dama a kan tawul. Ta fitar da iska ta tura, cinyar tana rawa kamar ba tata ba, sai ga ta zaune a kan murfin. Ta daɗe a nan tana kallon inda ta kwanta. Sannan ta miƙe, a kan ƙafafunta, ta zare sakatar da kanta.

Tana murmushi lokacin da ta fito, rabin fuskarta jini. Amarya ta saki kwandon shanya.

A asibiti aka ɗinke girar, aka yi hoton ƙugu, ba karaya. Ɗanta ya iso da kayan aiki a jikinsa, leɓɓansa sun bushe. Amarya tana ta kuka tana rantsuwa cewa ita ta rako ta har bakin ƙofa. Da Ta Bene ta faɗi abin da take yi a ciki duk kwanakin nan, Amarya ta daina kukan, ta dube ta, ta tambaya a hankali ko saboda ita ne. Tsohuwar ta ce ba saboda kowa ba ne. Amarya ta fita ta tsaya a baranda.

Labari ya kai wa Malama, ta zo da sauri. Ta ji inda aka faɗi, ta rufe ido, ta ce laifinta ne da ba ta ƙara bincike ba. Sannan ta tambaya wa ya ɗaga ta.

"Ba kowa."

Malama ta jawo kujera ta zauna. Ta sa ta faɗi yadda ta yi tun daga farko, ta wane gefe ta juya, da wace ƙafa ta tura, me ta yi da hannun hagu. Da ta ji maganar gwiwar hannu ta gyaɗa kai ta riƙe mata yatsu. Ta juya ga ɗan ta ce masa wannan ba ƙaramin abu ba ne, da yawa a ajin ba su kai nan ba, a ba ta wuri mai kyau a gida da ɗan lokaci kaɗan a gani. Ya saurara hannu a baya, ya yi mata godiya sosai, ya ce Allah ya saka, amma Umma za ta huta da zuwa aji tukuna.

Suka kama hanyar gida a mota, har suka wuce kasuwa. Amarya tana baya, fuskarta a jikin gilashi.

"Na tashi da kaina, Babana."

"Kin faɗi, Umma."

"Na faɗi, na tashi."

"Da a can ne fa? A saman bene, ƙofa a kulle, ba mai ji sai an ji wari?"

"A can ba zan kulle ƙofa ba," in ji ta. "Wa zan ɓuya wa?"

Ta ce ya bi da ita ta layin yanzu, ta gwada matakalar a gabansa kamar yadda suka yi alkawari, in ta kasa ba za ta sake tayar da maganar ba. Ya ce da ɗinki a fuska da ƙugu a kumbure ba inda za ta hau. Ta ce to in ta warke. Sai a lokacin ya gaya mata ya riga ya kira mai gidan tun ana mata ɗinki, ya ce masa ya ba mai so. Ya ce ta yafe masa, ya gwammace ta yi fushi da shi tana raye. Da yamma ta ji shi yana kwance sakatar banɗakin.

Ranar da aka je cire zare ya bi da ita ta layin, don mai gidan zai kawo kafinta ya duba rufi kuma yana bukatar makulli. Ya tsayar da motar a gaban kemis. Matakalar tana nan a gefen ginin, ta siminti, da ƙarfen riƙewa da fentinsa ya goge a inda hannu ke bi. Daga cikin motar ta bi ta da ido har sama. Ba ta kai tsawon da take gani a ranta ba. Labulen tagarta ya koɗe, wani ya jingina babur a inda take ajiye bokitin shara.

Ya miƙo hannu bai dube ta ba. Makullin yana ƙulle a bakin zaninta, ƙullin ya daɗe ya yi tauri, yatsunta kuma ba su da ƙarfi. Ya yi kamar zai taimaka, ya fasa. Ta kwance shi da haƙori.

Ta ce masa ƙofar tana da hali. In ya sa makullin kada ya murɗa da ƙarfi, zai karye. Ya jawo ƙofar wajensa tukuna, ya ɗan ɗaga ta da gwiwa, sannan ya murɗa. Ta ce ya gaya wa mai gidan haka, shi ma ya gaya wa wanda zai shiga, kada su ɓalle ta a banza, ƙofa ce mai kyau.

Ya ce to, Umma. Ya fita ya haye da sauri. Ta zauna hannuwanta a cinya, gilashin motar a sauke. Daga sama ta ji ya sa makullin, ta ji yana murɗawa, yana jijjiga ƙofar, yana sake murɗawa.